An Kashe Magana, Wa Zai Wanke Suna?

Mu dai a unguwannin nan namu, idan aka ɗora wa mutum laifin da bai ji ba bai gani ba, ba a fi mu iya jaje ba. Da an ce an tafi da ɗan gidan wane caji ofis, kafin a kira la'asar ƙofar gidan ta cika da takalma. Mata suna ciki suna ba uwar baki, maza suna tsaye a waje ana lissafin wa ya san DPO, wa yake da suruki a hedikwata. Sai a yi karo-karo, mai ɗari biyar, mai dubu biyu, a samu dattawa biyu masu furfura a ce su je su kashe maganar. Bayan isha'i yaro ya dawo, ido ya faɗa, ƙafa ba takalmi, kowa ya ce Alhamdu lillahi, Allah ya kiyaye gaba, a bar wa Allah. Wannan zumunci ne na gaske, kuma duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya san daɗin ganin maƙwabta a ƙofar gidansa. Abin da yake damuna shi ne daga nan muke watsewa. Mun fito da yaron, zargin kuwa yana nan a kansa, kuma babu wanda ya ɗauki wanke shi a matsayin aikinsa.

Ku duba yadda take kasancewa da yaran shago. Kuɗi sun ɓace a durowa, maigida ya ce ba kowa ba ne sai yaron da yake buɗe shago da safe. An kai shi, an kwana da shi, iyayensa sun biya rabin kuɗin don a zauna lafiya. Bayan wata guda sai ta bayyana ɗan maigidan ne na cikinsa ya ɗauka. Ranar da aka kama yaron har 'yan garuwa sun ji. Ranar da gaskiya ta fito kuwa a tsakar gida aka yi ta, murya ƙasa-ƙasa, don a rufa wa maigida asiri. Shekaru sun shuɗe, yaro ya zama saurayi ya je neman aure, dangin yarinya suka aiko bincike kamar yadda muka saba, sai wani a bakin masallaci ya ce, "Yaron kirki ne, sai dai an taɓa kama shi a kan maganar kuɗi." Daga nan sai ka ji an ce an yi wa yarinya miji a dangi. Haka zai sha in ya je neman a ba shi adaidaita sahu ya riƙa kawo balas, haka in ya nemi a ɗora shi a kan kaya a kasuwa. Shi bai ma san me yake rufe masa ƙofofin ba.

Maganar nan ba ta ƙarewa a majalisarmu ta bakin mai shayi. Akwai Kawu, tsohon direban tirela, wanda ya ga duniya daga Legas har Maiduguri. Akwai kuma wani yaro da muka ga tasowarsa, ya je ya karanto shari'a, yanzu kowa Barista yake ce masa, har waɗanda suka goya shi.

Kawu yakan ce, "Ɗana, kotu ba wurin ɗan mutunci ba ce. Wanda duk ka tsayar gaban alƙali kun raba gari har jikoki. Sharri kare ne, mai shi yake bi. A bar shi da halinsa."

Barista sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Kawu. Amma kafin ya koma wurin mai shi ya riga ya yi cizo, kuma wanda aka ciza shi ne yake kwana da ciwon."

Abin da Barista ya fi nanata mana shi ne awannin farko, domin a nan ne mukan ɓata wa kanmu shari'a da hannunmu. Wani da ya ji ana nemansa sai ya tsallake katanga ya tafi ƙauye wajen kakarsa, washegari a ce ai ga shi nan, da ba shi da laifi me ya kore shi. Wani kuma zuciya ce take ɗibarsa, ya je har gida ya shaƙe wanda ya yi masa ƙagen. Da can babu laifin komai a kansa, yanzu ya samar wa kansa na gaske, da shaidu. Amma wanda ya fi yawa shi ne na takarda. An zaunar da mutum a kan benci, ɗan sanda mai bincike yana rubutu da Turanci, shi yana ba da labari da Hausa, cikinsa ya ɗuri ruwa, yana jin muryar mahaifinsa a waje. An gama, an juyo masa takardar an ce sa hannu a nan, ko a kama babban yatsansa a dangwala. Bai karanta ba, ba a karanta masa ba. Wata shida bayan haka a ɗaga takardar a gaban majistare a ce ga abin da ya faɗa da bakinsa.

Alhali kuwa tsarin mulkin 1999, a sashe na 35, ya ba wanda aka kama damar ya yi shiru har sai ya ga lauya ko wani mutum da ya zaɓa da kansa. Ya ce a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, a harshen da yake ji. Ya ce a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu, sai dai manyan laifuffuka masu hukuncin kisa da suke da tasu ƙa'idar. Sashe na 36 kuma ya ce kowa marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa, wato wanda ya kawo zargi shi zai kawo hujja. Saboda haka mutum yana iya cewa, cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, ba zan sa hannu ba sai an karanta mini, kuma ina son lauyana ko yayana ya zauna." Wannan ba taurin kai ba ne, kuma ba raina hukuma ba ne. In an doke shi don ya amsa, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25 ga wanda ya yi dukan, kuma kotu ba ta karɓar amsa laifin da aka tatsa da duka. Sai dai a je asibiti da wuri, a karɓi takardar likita, a ɗauki hoton raunin kafin ya warke.

Akwai wata dabara ƙarama da na ga ba mu san ta ba sam. Idan lokacin da aka ce an yi laifin kana wani wuri, to a ranar farko za ka faɗa, a cikin bayaninka na ofis, da sunan wurin da lokacin da mutanen da kuke tare. Kana Dawanau kuna sauke buhuna, kana gidan biki a Wudil, kana layin asibiti da kati a hannunka. In ka faɗa tun a nan, ya zama wajibi a kan 'yan sanda su je su bincika. In ka ɓoye sai a kotu ka fito da ita, alƙali yana iya ɗaukarta a matsayin dabarar da aka ƙulla daga baya. Haka saƙonnin waya, da rasit, da shaidar tura kuɗi ta banki. Mu kuwa da tsoro ya kama mu abin da muke fara yi shi ne goge komai daga waya, har da abin da zai cece mu.

Wata Goggo da take sayar da ƙosai kusa da mu ta taɓa tsoma baki ta ce, "To Barista, ni da aka zo neman ɗana ba a same shi ba aka tafi da ni fa?" Ya ce mata, "Goggo, wannan haramun ne a doka." Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, dokar 'yan sanda ta 2020 ta sake hanawa, kuma jihohi sun yi irin tasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Waɗannan dokokin sun kuma hana a kama mutum a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Mu kuwa mun san rabin ƙagen da ake yi a kasuwanninmu daga nan yake tasowa: bashi ya ƙi biyuwa, sai a canza masa suna a ce cuta ce ko zamba, don a sa mutum a bayan kanta danginsa su tsorata su biya. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne, a rubuce yake a bangon ofisoshi da yawa, ko da yake duk mun san yadda ake yi. Kuma dokar 2015 ta faɗa ƙarara cewa mace tana iya tsaya wa mutum a ba da belinsa. Goggo ta riƙe haɓa ta ce ita duk zamanta a duniya ba ta taɓa jin haka ba.

In magana ta kai kotu, sai a nemi lauya, kada a tsaya jiran wani mai hanya. Wanda ba shi da hali akwai hukumar tallafin shari'a ta ƙasa, wadda ake kira Legal Aid, tun 1976 take, kuma tana da ofisoshi a jihohi. Mata da yara suna da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da aka kafa a 1995, kai mata koke ba a biyan ko sisi. Dalilin gaggawar shi ne, mafi yawan mutanen da suke gidajen yarin ƙasar nan, wajen biyu cikin uku, ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Mutum yakan shiga Kurmawa ko Goron Dutse da sunan ajiya ta mako biyu, fayil ya tafi ma'aikatar shari'a neman shawara, in babu mai bibiya sai damina ta wuce, wata ta zo.

Ga kuma inda muke yin babbar asara, a daidai lokacin da muke murna. Mai ƙara ya gaji ya daina zuwa, alƙali ya kori ƙarar ya ce an sallami wanda ake tuhuma, mu kuma mu ɗauke shi a kafaɗa mu yi gida. Barista ya ce sallama daban, sallama tare da wankewa daban. Wanda aka sallama kawai ana iya sake kamo shi a kan maganar gobe. Wanda kotu ta wanke kuwa, tsarin mulki ya hana a sake yi masa shari'a a kan wannan laifin. Ko wanne aka samu, a koma wurin magatakardan kotu a biya 'yan kuɗin da ake biya a karɓi kwafin hukuncin mai hatimi. Takarda ce da ba ta fi shafi kaɗan ba, amma ita za ka nuna wa surukai, da mai ɗaukar aiki, da duk wanda ya ce an taɓa kama ka.

Sai maganar da Kawu ba ya so, wato juyawa kan wanda ya yi ƙagen. Hanyoyin suna nan, ko an bi ko ba a bi ba ya kamata a san su. A kundin Final Kod da Arewa take aiki da shi tun 1960, ɓata suna laifi ne, sashe na 391 ya bayyana shi, na 392 ya sa masa ɗaurin da ya kai shekara biyu ko tara ko duka biyun. Kai wa hukuma labarin ƙarya da gangan don a cutar da wani shi ma laifi ne mai zaman kansa. Ana kuma iya zuwa babbar kotu neman diyyar ɓata suna, kuma in abin da aka jefe ka da shi laifi ne na ɗauri, kamar sata, ba sai ka nuna asarar kuɗin da ka yi ba. Wanda aka rubuta a Facebook ko aka tura a WhatsApp ya fi sauƙin kamawa, in dai an adana shi kafin a goge. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, sashe na 35 ɗin nan na tsarin mulki ya ce yana da haƙƙin diyya da kuma ban haƙuri a bainar jama'a, kuma ana shigar da irin wannan ƙara a babbar kotu a ƙarƙashin ƙa'idojin 2009 da aka yi don a gaggauta ta.

Mafi nauyinsu ita ce ƙarar gurfanarwa da mugun nufi. A nan sai ka nuna cewa mutumin ne ya tayar da shari'ar a kanka, ta ƙare kai ne da gaskiya, ba shi da wani dalili na hankali tun farko, kuma ƙeta ce ta sa shi. Kotun Ƙoli ta zayyana wannan a shari'ar Balogun da Amubikahun a 1989. Rikicin fili ne tsakanin mutum biyu, ɗayansu lauya, sai ya kai wa 'yan sanda ƙarar cewa abokin rikicinsa ya turo wata mata ta kashe shi. Aka gurfanar da bawan Allah, kotu ta wanke shi, shi kuma ya juyo ya yi ƙara, ya yi nasara har Kotun Ƙoli. Lauyan ya ce ai 'yan sanda ne suka gurfanar, ba shi ba, kotu ta ce shi ne ya kitsa abin. Ba shari'a ce mai sauƙi ba, tana cin kuɗi da shekaru, kuma irin waɗannan ƙararraki suna da wa'adi, wanda ya yi jinkiri ƙofa takan rufe.

A nan dole a yi adalci. Ba duk wanda ya kai ƙara aka kasa tabbatarwa ne maƙaryaci ba. Wanda aka yi wa sata ya faɗi wanda yake zato da zuciya ɗaya, 'yan sanda suka yi bincikensu, doka ba ta kama shi. Yarinyar da aka ci wa zarafi ta rasa shaidu, ba ƙage ta yi ba, kuma zunubi ne babba a ɗauki waɗannan dokokin a tsorata ta da su don ta yi shiru. Maganarmu a kan wanda ya san ƙarya ce ya ƙulla ta.

Ranar da Liman ya zauna da mu, Kawu ya kawo masa ƙara ya ce, "Allah gafarta Malam, yaran nan so suke su hana mutane haƙuri." Malam ya yi murmushi ya ce haƙuri da yafiya suna da babban matsayi, amma a duba yadda aka jera su. Ya tuna mana Annabi Yusuf, alaihis salam, wanda ya yi shekaru a kurkuku a kan ƙage. Da manzon sarki ya zo fito da shi, bai taso da gudu ba, sai ya mayar da shi a fara binciken matan nan tukuna, kuma bai fito ba sai da aka bayyana a gaban sarki cewa ba shi da laifi. Ya tuna mana ƙagen da aka yi wa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, yadda aka saukar da ayoyi a Suratun Nur aka wanke ta, wankewar da ake karantawa a salla har yau. A surar ne aka sa bulala 80 ga wanda ya jefi mai kamun kai da zina bai kawo shaidu huɗu ba, aka kuma zubar da shaidarsa. Bayan an wanke ta ne aka umarci mahaifinta, Sayyidina Abubakar, ya ci gaba da taimakon ɗan'uwansa Misɗahu da ya sa baki a maganar. Malam ya ce, "Kun gani, sai da aka wanke sannan aka yafe. Mu kuma mukan ce a yafe tun ba a wanke ba, sai nauyin ya koma kan wanda aka zalunta." Ya ƙara da cewa a jihohin da suke aiki da dokokin laifuffuka na Shari'a tun shekarar 2000, kamar Zamfara da Kano, Musulmi yana iya kai ƙarar ƙazafi kotun Shari'a, jifa da sata ko wani laifin kuma alƙali yana da ikon yin horo a kai. Kawu ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Malam, wannan kam ban taɓa kallonta ta nan ba."

Kuma mu ma da muke zaune a benci muna da namu kason. Ƙage ba ya tafiya sai da masu ɗauka. Kalmar "ɓarawo" guda ɗaya a bakin kasuwa ta isa ta sa mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba su ɗauki duwatsu. A watan Maris na 2025 mafarauta 16 da suka taso daga Fatakwal za su Kano yin salla aka tare su a Uromi ta jihar Edo, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe su. Duk Arewa ta yi kuka, kuma ya cancanci kuka. Amma mu ma a tashoshinmu da kasuwanninmu an sha yi wa baƙo irin wannan a kan waya ko babur. A 2023, da ihun satar mazakuta ya yi yawa a Abuja ana dukan mutane a titi, 'yan sanda sun gurfanar da wasu daga cikin masu ihun a kotu bisa ba da labarin ƙarya. Wanda aka kashe a titi babu sashen dokar da zai dawo da shi, shi ya sa mutum ɗaya da zai tsaya ya ce a kai shi ofis yake da daraja ƙwarai.

Ni ban ce kowa ya garzaya kotu ba. Yawancinmu ba mu da kuɗinta, kuma gobe ma a masallaci ɗaya za mu yi sahu da wanda ya yi mana. Zauren mai unguwa ya ishe mu a mafi yawan lokuta, haka ofishin Hisba, haka dattawan kasuwa. Abin da nake roƙo shi ne mu canza abin da muke nema in mun zauna sulhu. Yanzu wanda aka yi wa ƙage ake taruwa a kai ana ba shi haƙuri, wanda ya yi kuma ya miƙa hannu a gaisa a tashi. Kamata ya yi mai unguwa ya ce wa mai ƙagen, inda ka faɗa, can za ka koma ka warware. In a layin kasuwa ka kira shi ɓarawo, a layin za ka tsaya ka ce ba shi ba ne. In a waya ka tura, a wayar za ka tura gyara, ga mutanen da ka tura wa na farko. Kuɗin da iyayensa suka biya a mayar musu. In an kai ƙara ofis, a je tare a janye ta a rubuce, kada a bar sunan yaro a littafinsu. Sannan a rubuta abin da aka yi a takarda, mai unguwa da liman da shaidu biyu su sa hannu, a ba wanda aka wanke kwafinsa ya ajiye tare da takardun gida. In mai ƙagen ya ƙi, a nan ne dattawa za su gaya masa cewa sauran hanyoyin suna nan a buɗe, kuma in an kira su shaida za su je.